Sarkin Talla da Bahon Wanki

Akwai wani mutum da ake kira Sarkin Talla. Shekara tara ya yi a kamfanin da ke shirya wa wasu kamfanoni talla, sai aka rufe wurin. Wata biyar yana zaune a gida, kullum yaransa na tambayar yaushe zai koma ofis.

Rannan masana'antar sabulu ta kira shi ganawar ɗaukar aiki, suna neman mai talla nasu na kansu. Gogan naku ya cika jaka da tallace-tallace sittin da ya taɓa yi, yana hura hanci.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka taɓa wanki da sabulun nan kuwa?"

Ya ce, "Ke, na tallata mota ban iya tuƙi ba!"

"Can kayan mutane sittin kuke tallatawa, sauri ake so. Nan kayansu ɗaya ne, wanda ya san shi za su nema."

Ta dire masa baho da rigarsa da sabulun. Yana ƙunƙuni ya tsuguna. Hannunsa ya jiƙe, ledar sabulun ta ƙi yaguwa, sai da ya sa haƙori. Yara suka yi ta dariya.

Washegari a wurin ganawar, manajar masana'antar ko buɗe jakar ba ta yi ba. Ta ce, "Mutum huɗu sun kawo mana irinta yau. Me ka sani game da sabulunmu?"

Ya tuna bahon jiya. Can ya ce, "Ranki ya daɗe, yana kumfa, ba ya cin hannu. Amma ledarsa ba ta buɗuwa da jiƙaƙƙen hannu. Jiya da haƙori na yaga ta."

Sai ta kwashe da dariya. "Shekara biyu nake faɗa musu haka! Ka zo Litinin."

A bakin ƙofa ya sauke ajiyar zuciyar wata biyar. Yana isa gida ya naɗe hannun riga, ya ce, "Maman yara, ina sauran wankin?"

Darasi: Idan kamfanin talla za ka, nuna yawan ayyukanka da saurinka. Idan masu kayan ne da kansu, ajiye girman kai ka san kayansu tukuna. Ku tura wa ɗan'uwan da ke neman aiki.