Zabuwa da Gidan Gara

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta," in ji Kaka Tasalla, Allah ya jiƙanta.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata shekara ambaliya ta cinye rabin garin dabbobi. Gidaje suka yi wuya, ko kango aka sa a kasuwa sai ka ga masu saye sun yi masa rumfa. Gizo kuwa ya wayi gari dillali.

A cikin masu nema akwai Zabuwa. Ruwan nan shi ya tafi da mijinta, ya bar ta da 'yan tsaki. Har yanzu in ta tono tsaba takan juya ta kira shi, sai ta tuna, ta haɗiye kiran. Ga shi bazara ta yi nisa, hadari na leƙowa daga gabas, ɗan zabo kuwa ko raɓa ce ta jiƙa shi sai a haƙura. Dole ta sami rufi kafin ruwan fari.

Gizo ya kai ta gidan farko. Ta ce, "Malam Gizo, na saya, amma bari in hau in duba rufin."

Kura ta bangaje ta. "Ni ba na hawa ko'ina. Ungo kuɗi!" Gizo ya ce ya sallama.

Gida na biyu ta ce, "Na saya, amma ka jira ni ranar kasuwa in sayar da gyaɗata."

Biri ya diro daga reshe. "Wa ke jiran kasuwa? Ungo!" Gizo ya ce ya sallama.

Gida na uku ta buɗe baki ke nan, "Na saya, amma..." Gizo ya kwashe da dariya.

"Uwar 'ya'ya, wannan amma taki ita za ki shimfiɗa wa yara su kwanta? Bana ciniki ba sharaɗi, ba dubawa, ba mayarwa!"

Saura gida ɗaya a garin, na Gizo ne da kansa, a gindin tsamiya. Aka yi shela jibi za a sayar.

Zabuwa ta zauna ta yi tunani. Ta ce a ranta, ranar ciniki ce aka hana dubawa, ba a hana mutum wucewa ta hanya ba. Ta kai gyaɗarta gidan Kurege ta sayar tun a ranar. Washegari ta kora 'ya'yanta kiwo ta bayan gidan.

Ta ga sabon yaɓe a jikin bango. Wa ke yaɓe gidan da zai rabu da shi? Ta kara kunne, ta ji sur-sur-sur. Ta ƙwanƙwasa danga da baki, kara ya fashe, gara ta zubo. Kafin ta ce wani abu yara sun wawashe. Ta leƙa ta taga, ta ɗaga kai: azarar duk giginya ce, baƙa wuluk, irin wadda gara ke lasa ta bari. Ta tuna yadda mijinta kan cusa karmami da kashin shanu a tukunya, ya kife a bakin suri, don kawai ya samo wa yara gara. Hawaye ya zubo mata, amma tana murmushi.

Ranar ciniki aka taru. Dila ya taya da tsada. Ya ce, "Sai dai a jira ruwan fari, in ga ko yana yoyo."

Gizo ya soma zufa.

Rago ya ƙara a kai. "Sai dai in ɗan tunkuyi bangon nan in ji."

"A'a, a'a, yaɓen bai bushe ba!" in ji Gizo.

Zabuwa ta ajiye ɗan ƙullin kuɗinta, bai kai nasu ba. Ta ce, "Na saya yadda yake. Ba dubawa, ba mayarwa."

"Ina ammar?"

"Na baro ta a gida."

"Na sallama! Jama'a ku shaida, ba mayarwa!" Ya sure ƙullin ya ruga, yana ce wa matarsa Ƙoƙi, "Na sayar wa sakarya gidan gara!"

Da la'asar hadari ya haɗu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, Zabuwa ta tattara 'ya'yanta ƙarƙashin fiffike tana kallon azara. Ko ɗigo. Gidan Kura kuwa rufin ya rufto mata a ka, na Biri ma ya yi ta yoyo har ya kwana a reshe.

Yara suka yi ta cin gara safe da yamma, suka yi ɓul-ɓul, zanen jikinsu ya fito kamar an yayyafa musu taurari. Kaji suka riƙa zuwa da tsaba suna musayar gara.

Gizo ya ji labari, ya zo yana sosa ƙeya.

"Uwar 'ya'ya, ba na iya barci. Na cuce ki, akwai gara a gidan nan. Karɓi kuɗinki."

"Na sani tun kafin in saya, Malam Gizo."

"To a raba garar, ai ban sayar da ita ba!"

Dila da ke wucewa ya ce, "Mu ne shaidu. Yadda yake, ta ce, ka sallama. Ba mayarwa, ka ce."

Zabuwa ta ɗebo masa gara a ɗan ƙoƙo. "Ungo, kai wa Ƙoƙi. Wannan kyauta ce, ita ma ba sharaɗi."

Kaka Tasalla ta gyara itacen wuta. "To kun ji. In duniya ta matsa muku ta ce ku saya yanzu-yanzu, kada ku rufe ido kamar Kura, kada kuma ku tsaya amma-amma har a bar ku a waje. Ku yi dubawarku tun kafin ranar, ku san aibin da za ku iya zama da shi. Wani aibin ma abincinku ne."

Ƙungurus kan kusu. Wuta ta yi ƙasa, kowa ya nemi tabarmarsa.