Shari'ar Kogin da Ya Sauya Hanya

An yi wani sarki a Birnin Marke, ana ce da shi Jatau, a ƙasarsa kuwa akwai babbar kotu wadda idan ta yanke hukunci babu sauran ɗaukaka ƙara. Alƙalin alƙalanta shi ne Malam Ukashatu, ɗan marigayi Alƙali Mudi, mai hukuncin da ya fi kowane shahara a tarihin kotun, domin shi ne ya sanya kogi ya zama iyaka tsakanin Kwarin Gawo ta gabas da Tudun Faru ta yamma, har aka daina zubar da jini a kan fadama.

Wata damina aka yi ambaliya, kogin ya bar tsohuwar hanyarsa ya karkata gabas, sai gonakin Kwarin Gawo da maƙabartarsu suka koma yammacin ruwa. Mutanen Tudun Faru suka ce ƙasar ta zama tasu bisa lafazin hukunci, na Kwarin Gawo kuwa suka fara wasa takubba.

Sarki ya kira Ukashatu ya ce, "Allah gafarta Malam, jarrabawa ta same ka. In ka tabbatar da hukuncin mahaifinka, ka jefa gari guda cikin yunwa. In ka rushe shi, gobe kowa zai tono tsohuwar shari'arsa. Wanne ka zaɓa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini in ga wurin da idona tukuna."

Ya je ya taka yashin tsohon kwarin kogin, ya ga kaburbura da dawar da ta fara fitar da kai, ya kuma ga shanun Tudun Faru cirko-cirko a mashayar da ta ƙafe. Ya daɗe tsaye yana tuna mahaifinsa, har zuciyarsa ta natsu.

Ranar zama, a gaban sarki da jama'a, Barau dagacin Tudun Faru ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ba mu nemi komai ba sai maganar mahaifinka. Kogi ya ce, ga kuma kogi."

Ukashatu ya ce, "Haƙiƙa haka ya ce. To, da ruwan nan yamma ya karkata, ya zagaya ta bayan gidanka, da yau ka kwashe iyalinka ka bar musu garin?"

Barau ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Wallahi da ban bar musu ba."

Alƙali ya ce, "Mahaifina ma da bai umarce ka ba, domin ya ambaci kogi ne saboda kowa ya tsaya a kan abinsa. Na hukunta cewa iyaka tana tsohon kwarin, a kafa duwatsu a can. Amma ruwa bai taɓa zama na gari ɗaya ba, saboda haka mutanen Kwarin Gawo za su buɗe burtali ta cikin gonakinsu, shanun Tudun Faru su riƙa zuwa mashaya har abada."

Ɓangarorin biyu suka ce sun yarda.

Sarki ya miƙe ya yafa wa Ukashatu alkyabbarsa, ya ba shi ingarman doki, ya yi umarni duk ɗalibin shari'a ya riƙa koyon hukuncin ɗa tare da na uba.

Haka adalci yake: mai riƙe lafazin magabata ya manta manufarsu, shi ne farkon wanda ya saɓa musu.