Yauƙin da Bu Gil-yong ya raina

Akwai wani mai kiwon kifi a tsibirin Jeju, sunansa Bu Gil-yong. Mutum ne mai gaggawar tsiya, ko shinkafa a tsaye yake ci.

Ranar ware manyan kifaye daga ƙanana, sai ya raba wa ma'aikata safar hannu ta auduga, wai don kada kifi ya riƙa suɓuce musu. Kowa ya saka, ban da Goggo Sun-deok, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin. Ita sai ta tsoma hannu tsirara cikin ruwan tekun nan mai sanyi na tankin da take warewa, ta tallabo kifi kamar jariri.

"Haba Goggo! Kifi kike warewa ko tausa kike masa?" in ji Gil-yong.

"Kai dai bar ni, ɗan nan. Ba a tuɓe wa kifi riga."

Aka kwashe da dariya. Gil-yong ya ce wata na ƙarewa ta koma gida ta huta.

Kwana goma ba su cika ba, gyambo ya feso wa kifaye. Kullum da safe sai an kwashe matattu a bokiti. Tankuna biyar cikin shida suka kamu, gonar ta kama hanyar rushewa. Hankalin Gil-yong ya tashi matuƙa.

Amma wani abu ya tsaya masa a rai. Ruwa ɗaya, abinci ɗaya, to me ya sa tankin Goggo kaɗai ke lafiya lau? Ya zagaya shi ya fi sau goma, har ɗanɗana ruwan ya yi, wallahi!

Ya kira likitar kifi, Dakta Hyeon Mi-ran. Ta dangwalo yauƙin jikin lafiyayyen kifi, ta ɗiga a tsakiyar farantin da ta shafe da ƙwayoyin cuta. Bayan kwana biyu ta nuna masa. Cutar ta mamaye farantin, amma kewayen ɗigon nan fes.

"Ikon Allah! Me ya kore su?"

"Akwai wasu sinadarai da ake kira furotin a cikin yauƙin, su ke fasa ƙwayar cuta kafin ta shiga fata. Da me kuke kama kifin?"

Gil-yong ya dubi igiyar shanya. Ga safunansa nan jere, sun sandare da busasshen yauƙi. Kunya ta rufe shi.

Ya je ya sami Goggo, ya rusuna. "Dama kin san da furotin ɗin nan?"

"Furo me? Ni dai uwata ta ce in jiƙa hannu."

Da kifin tankinta gonar ta farfaɗo. Da aka zo warewa ta gaba, shi ya fara naɗe hannun riga. Ruwan ya ɗauke masa numfashi.

"Wayyo, sanyi!"

"Shekara talatin ina jinsa," in ji Goggo. "Tallabo shi a hankali."

Darasi: Kafin ka yi wa tsohon hannu dariya, tambaye shi dalili. Abin da kake gogewa don ya dame ka, wataƙila shi ke tsare dukiyarka. Tura wa mai gaggawar da ka sani.