Ranar da Hansai Ta Hana Ƙaho

Akwai wata mata a Hayin Banki, wajejen 1975, ana ce mata Hansai. Mijinta Malam Lawan tela ne. Zuciyarsa ta shiga bugawa ba tsari, yanzu da gudu, an jima kamar ta manta da aikinta.

Likita ya ce irin wannan bugun kan sa jini ya yi guda, gudan ya haura kai, ɓarin jiki ya shanye. Hansai ta tsorata ƙwarai, don ciwon da ya kwantar da surukinta ke nan shekara bakwai.

Aka ba Lawan ƙwayar tsinka jini. Zai riƙa zuwa gwaji, kuma ban da ƙaho, ban da tsaga.

To, Lawan bai taɓa tsallake ƙahon shekara ba. Ran nan sai ga Ila wanzami a zaure da zabirarsa, mutumin da ko tuntuɓe ka yi zai ce mataccen jini ne.

"Bar ƙwayar nan," in ji Ila. "Ƙaho shida, ka miƙe garau."

Lawan har ya fara tuɓe riga, sai muryar Hansai daga bayan ƙofa: "Malam, aski dai. Wallahi in aka kafa ƙahon nan, fitowa zan yi in tara unguwa."

Ila ya tuntsire da dariya. "Yaushe uwargida ta zama likita?"

Lawan ya ji kunya, amma ya san halinta. Ya ce a yi askin kawai.

Ana cikin aski, aska ta ɗan taɓa ƙeya. Yankan bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma jini ya ƙi tsayawa. Ila ya danne da tsumma, ya sake wani, har aka kira azahar. Dariya ta ɗauke.

Da jinin ya tsaya, Ila ya dubi ƙahonin nan shida, ya ce, "Uwargida, ki yafe ni. Da yau na yi kisa."

Hansai ta ci gaba da miƙa ƙwaya kullum, tana kora Malam gwaji ko yana gunaguni. Bayan shekara uku Lawan ya je Makka, ya yi ɗawafi da ƙafafunsa.

Ila kuwa, tun daga ranar ba ya kafa ƙaho sai ya tambaya: "Kana shan maganin asibiti?"

Darasi: Mai shan maganin tsinka jini kada ya bari a tsaga shi, kada kuma ya daina sha sai da izinin likita. Wanda ya hana ka don lafiyarka, masoyinka ne. Ku isar wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wani Lawan a gidanku.