Tabawa da Gwaibar Bayan Rijiya

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kan tabarma, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne."

Wata mata ce ana ce da ita Tabawa, maginiyar tukwane. Mijinta Barau masunci ne. Shi ya kawo tarwaɗa, ita ta tuƙa tuwo, su ci su sha hira. Ba su tara ba, ba su kuma rasa ba.

Ana nan, ana nan, sai rani ya tsananta, kogi ya ja baya. Barau ya sha ruwan wani kududdufi, sai cikinsa ya ɓaci. Zawo ya kwantar da shi, idanu suka faɗa, ko tashi zaune ba ya iyawa. Hankalin Tabawa ya tashi. Sai ta ɗauki ƙwarya, ta nufi daji neman magani.

Sai ta iske Kuka. Ta ce, "Sannu, Kuka. Maigidana ba lafiya, ki sam mini ganye."

Kuka ta ce, "Dube ni da kyau, baiwar Allah. Kin ga ganye? Ki dawo da damina."

Ta wuce, sai ga Tsamiya. Ta ce, "Tsamiya, ki taimake ni, zawo zai kashe mini miji."

Tsamiya ta ce, "Zawo? Ai in ya sha ni ƙaruwa zai yi. Yi gaba."

Ta yi gaba, sai ga Giginya. Ta ɗaga kai ta yi roƙo.

Giginya ta ce, "Me kika ce? Ba na jin ki daga nan sama. In kina da magana, hawo."

Tabawa ta juyo gida da ƙwarya ba komai. Ta tsaya bakin rijiya ta wanke fuska, sai hawaye. Sai ta ji wata 'yar murya ta ce, "Inna, lafiya?"

Ta waiga. 'Yar gwaiba ce a bayan rijiyar, tsayinta bai wuce kafaɗa ba. Awaki sun cinye rassanta na ƙasa, amma na sama kore shar, ga fararen furanni suna ƙamshi. Tabawa ta faɗa mata komai.

Gwaiba ta ce, "Tsinki ganyena masu taushi, ki dafa, ki ba shi. Abu ɗaya nake roƙo. Awakin nan sun hana ni sakat, ko ɗa ɗaya ban taɓa nunarwa ba. A yi mini shinge."

Tabawa ta ce, "An gama."

Ta dafa ta kai wa Barau. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Ya ce, "Wannan bauri fa, Tabawa?"

Ta ce, "Sha dai, Maigida."

Ya sha da safe, ciki ya lafa. Ya sha da rana, ya tashi zaune. Ya sha da yamma, sai ya ce, "Wai babu sauran ɗumame a gidan nan?" Tabawa ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da ƙarfinsa ya dawo, sai ya saro ƙaya ya kewaye gwaiba, ko ɓera ba zai ratsa ba. Tabawa kuwa duk ta je ɗibar ruwa sai ta watsa mata guga guda. Gwaiba ta yi reshe, ta yi 'ya'ya, suka nuna rawaya, ƙamshi ya cika unguwa.

Matan da ke zuwa rijiya suka riƙa leƙe, 'ya'yansu suna haɗiyar yawu. Sai Barau ya ƙaro ƙaya. Ya ce, "Mu muka sha wahala, mu za mu ci."

Tabawa ta ce, "Maigida, ka tambayi mai abin tukuna."

Suka je. Gwaiba ta ce, "Baba Barau, na gode da shinge. Amma don awaki na roƙa, ba don mutane ba. Ka yi mini ƙofa."

Barau ya sosa ƙeya. Ya ce, "To in sun cinye fa?"

Ta ce, "Sai in sake yin wasu. Ai aikina ke nan."

Kunya ta kama shi. Sai ya janye ƙaya ta gabas, ya saƙa 'yar ƙofar kara, ya ɗaura. Shi da kansa ya tsinko ta fari, ya miƙa wa wata mai goyo. Ta biyu ya ba Tabawa. Suka zauna a gindin gwaiba, ta gutsura, ta miƙa masa sauran. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce, "Ashe mai baurin nan haka take da zaƙi!"

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a gindin gwaiba. Ku dai ku riƙe wannan, jikokina: abin da aka ba ku don Allah, kada ku toshe wa wasu hanyarsa.