Tasi'u da Tsohuwar Kwamfutarsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari, tun zamanin da intanet ke sabon shiga ƙasar nan. Tasi'u sunansa, sana'arsa gina shafukan intanet. Ku saurara da kyau, har kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi.

Tasi'u yana da wata al'ada da abokan aikinsa ke yi wa dariya. A lungun shagonsa akwai wata kwamfuta da ta ga jiya ta ga yau, in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin niƙa. Tsohuwa yake ce mata. Duk aikin da ya yi, ba zai ce ya gama ba sai ya buɗe shi a kan Tsohuwa ya ga ta karɓa. Har tsokanarsa suke yi wai ya je ya gaida kakarsa.

Ana nan sai aka yi wata ambaliya, Allah Ya kiyaye mu, ruwa ya ci ƙauyuka, mutane suka watsu a sansanoni, uwa ba ta san inda ɗa yake ba. Wata ƙungiya ta ɗauki hotunan waɗanda suka tsira, shugabanta Alhaji Namadi ya ba Tasi'u aikin shafin da za a zuba su. Ya yi masa wata dabara da rubutun nan da suke kira CSS: da ka ɗora kibiyar kwamfuta a kan hoto, ba sai ka latsa ba, sunan sansanin da mutumin yake zai fito. A sababbin kwamfutoci abin gwanin sha'awa.

Ya kai wa Tsohuwa. Hoto ya fito, ya ɗora kibiya, shiru. Ashe tsohuwar burauzar da ke cikinta, wato manhajar buɗe shafi, ba ta jin wannan umarni sai a kan abin da ake latsawa ya kai ka wani shafin.

Ya gaya wa Alhaji Namadi aiki da saura. Alhaji ba mugu ba ne, jama'a, sauri ne ya yi masa yawa, ga manyan baƙi an riga an gayyata. Ya ce a tasa kwamfutar komai lafiya lau, wanda tasa ta tsufa ya sayi sabuwa.

Tasi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ruwa ya ci gidansa, ina shi ina sabuwar kwamfuta? Ai su aka yi wa shafin."

Ba a saurare shi ba. Aka ƙaddamar da shafi, aka yi tafi, aka sha lemo.

To, a wani gari mai nisa akwai wata dattijuwa, Gwaggo Kande. 'Yarta Balaraba tana aure a inda ruwan ya ci, kuma tun ranar babu labari. Aka kai ta shagon intanet ɗaya tilo na garin, kwamfutarsa kuwa sa'ar Tsohuwa ce. Mai shago ya buɗe mata shafin ƙungiyar, yana ta wuce hotuna, sai ga fuskar Balaraba. Tana da rai! Amma a ina? Ya ɗora kibiya, ya ɗauke, ya sake ɗorawa, ko harafi ɗaya bai fito ba. Lambar ƙungiyar kuma in an buga ba mai ɗauka. Wallahi abin tausayi, duk ranar kasuwa matar nan sai ta zo ta zauna tana shafa gilashin kwamfutar da hannu, ta share hawaye ta koma gida.

Shi Tasi'u bai san da wata Gwaggo Kande a duniya ba. Ba wanda ya sa shi, ba wanda zai duba. Ranar bikin ma bai je ba, har aka ce girman kai ne, yabon ya tafi wurin wasu. Yana shago yana bin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana mai da kowanne abin latsawa yadda tsohuwar burauza za ta gane. Ya gyara, ya kai wa Tsohuwa, ta yi gurnaninta, ta ƙi. Ya koma, ya sake. A ɗauke wuta ya jira, a kawo ya ci gaba. Abokansa suka ce wahalar banza ce, shi dai ya ce su bar shi da kakarsa.

Wata ranar kasuwa Gwaggo ta zo kamar kullum. Mai shago ya buɗe mata hoton, hannunsa ya gogi linzamin da ke motsa kibiyar kwamfutar, kibiya ta hau fuskar Balaraba, sai ga rubutu ya fito. Ya karanta mata sunan sansanin. Ta ce ya maimaita, ya maimaita. A nan ƙasan shagon ta faɗi ta yi sujada, washegari ta hau mota.

Mai shagon ne ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce har ta rasu, matar nan ba ta sallah ba ta yi addu'a ga "wanda ya gyara abin nan" ba. Ba ta san sunansa ba, shi ma Tasi'u har ya koma ga Allah bai san ana yi masa ba.

Jama'a, darasin a fili yake: aiki bai kammalu ba sai ya isa ga mafi rauni a cikin waɗanda aka yi wa shi. Kai magini, da ka yi wa masallaci matakala mai tsawo, ka tuna da mai sanda? Kai liman, ni ma har da ni, ka tuna da tsohon da ke bayanka gwiwarsa na ciwo? Kowannenmu akwai wata Gwaggo Kande da ke zaune tana jiran ya ƙarasa aikinsa, ba kuwa za ta taɓa zuwa ta gaya masa ba. Allah Ya sa mu ƙarasa.