Baƙar Gorar Baba Jules

Akwai wani mahauci a Garwa mai suna Halliru. Ba mugu ba ne, wannan kam in faɗa muku tun farko. Sai dai yana da cutar da ke damun da yawa daga cikinmu: da zarar idonsa ya yanke hukunci, kunnensa ya tafi hutu ke nan.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana fawa a ƙarƙashin wani. Ranar da ya samu nasa wurin a bakin kasuwar unguwarsu, har tafiyarsa sai da ta canza. Ya ce wa matarsa Kausar, rumfar da zai kafa duk wanda ya wuce sai ya waiwayo.

Kausar ta ce, "To Baban Raihana, ai sai ka je wurin Baba Jules. Gora tana nan jibge a bayan gidansa."

Baba Jules dattijo ne, Kirista, mutumin duwatsun Mokolo. Tun yana saurayi ya sauko ya zauna a wani ƙauye na bakin rafi, tafiyar rabin awa a babur daga gari. Da hannunsa ya dasa gorar nan, ta yi kurmi. Bai taɓa sayar da ko sanda ɗaya ba. Mai rufin ɗaki ya zo ya ɗiba, haka mai haɗa gado da kujera, haka mai shingen awaki. Sharaɗinsa ɗaya ne tak: shi zai zaɓa, shi zai sara.

Tsakaninsa da gidan su Halliru kuwa abin ya wuce gora. Marigayi mahaifin Halliru amininsa ne. Duk Sallah nama na zuwa ƙauyen, duk Kirsimeti Mama Pauline, matar Baba Jules, tana aiko da kaza da gyaɗa. Da mahaifin ya ji jikinsa ya yi nauyi, ya kama hannun Halliru ya ce, "Kada ka bari ciyawa ta rufe hanyar gidan Jules."

Halliru ya hau babur ya je. Da ya faɗi abin da ke tafe da shi, Baba Jules ya yi dariya har da tafi.

"Ɗana ya zama patron, mai gidan kansa! Bon, madalla. Kada ka damu, koma gida. Ni da kaina zan kawo maka."

Kafin ya tafi, Halliru ya leƙa kurmin. Ya ga wasu sanduna kore shar, santala-santala, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. A ransa ya riga ya gama kafa rumfa da su.

Bayan kwana biyu, da hantsi, kasuwa ta cika, sai ga Baba Jules tafe da amalanken jaki. Ya tsaya a gaban wurin Halliru, ya kwance igiya, ya fara saukewa.

Halliru ya duba, ya sake dubawa. Gora ce baƙa, duk tabo-tabo a jikinta, tana warin laka da hayaƙi. Babu ko ɗaya mai kama da waɗanda ya gani.

Akwai wani dillalin shanu a wurin, Saleh, mutumin da bakinsa ba ya zama lafiya. Ya ce, "Patron, rumfa za a kafa da wannan, ko wutar gashi za a hura?"

Mahauta suka kwashe da dariya. Dariyar nan ita ce ta hau kan Halliru.

Ya ce, "Baba, in ba za ka ba ni ba, ai sai ka ce ba za ka ba ni ba. Don ubana ba ya raye shi ne za ka kwaso mini shara? Masu kyau suna can ka ajiye wa mutanenka, ni kuma ka kawo mini ruɓaɓɓu?"

Baba Jules ya ɗaga sanda ɗaya ya miƙo masa.

"Ɗana, buga ta da bayan wuƙarka ka ji."

"Ni ba makaɗi ba ne," in ji Halliru. Ya sa ƙafa ya ture tarin, sandunan suka gangara cikin kwata.

Dattijon ya ajiye sandar da ke hannunsa. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya shiga kwatar, yana tsamo su ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa kan amalanke. Waɗanda suka yi dariya ɗazu kowa ya kama aikin gabansa. Da ya gama ya ɗaure, ya kora jakinsa ya tafi.

Da a nan Halliru ya tsaya, da da sauƙi. Ina! Ranar Lahadi, da ya tabbata su Baba Jules suna coci, ya ɗauki adda ya nemi mai a-kori-kura suka nufi ƙauyen. Ya shiga kurmin ya dinga sara. Duk wadda ta fi ƙyalli ita yake bi. Ga su da taushi, sara biyu ta faɗi, ruwa na tsatsafowa daga bakin saran. Shi kuwa murna yake, wai ya samu masu lafiya.

Babu wanda ya biyo shi da magana. Baba Jules bai aiko ba, bai kai ƙara wurin mai unguwa ba.

Rumfa kam ta yi kyau, ba za a ƙi gaskiya ba. Kore shar, ga rufin zana sabo. Halliru ya ɗauke ta hoto ta kowane gefe ya tura wa 'yan uwa har Marwa.

Wata biyu ba a yi ba, sandunan suka fara yanƙwanewa. Igiyar da aka ɗaure tamau ta yi sako-sako. Sai wasu 'yan ramuka suka fito a jikinsu, ƙanana kamar hujin allura. Kullum da safe zai tarar da wani gari fari-fari a kan teburin nama. Ya share, kafin azahar wani ya zubo. Idan kasuwa ta lafa, har jin motsin ƙwaron yake a cikin sandar da ke saitin kansa.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya sayi fenti ya shafe ramukan.

Babbar Sallah ta zo. Kausar ta ware cinyar rago ta ce, "Ga na gidan Baba Jules." Halliru ya ce a bar shi, ba shi da lokacin zuwa ƙauye. Shekara talatin da wani abu naman nan bai taɓa fashi ba sai a hannunsa.

Wata rana Madam Yvonne, mai gidan abinci da ke sayen nama a wurinsa kullum, ta sa yatsa ta shafo saman tsoka ta duba.

"Halliru, wannan me ne? Yaji ka fara barbaɗa wa ɗanyen nama?"

Ta ɗaga kai ta kalli rufin, ta ajiye naman, ta wuce teburin gaba. Daga ranar ba ta dawo ba, kuma ba ita kaɗai ba.

Ƙarshen abin a watan Agusta ya zo. Hadari ya taso da la'asar, da iska a gabansa. Halliru yana masallaci. Allah ya taimake shi babu kowa a cikin rumfar. Da ya fito ya tarar rumfarsa ta durƙusa, zana a ƙasa, naman rabin saniya a cikin taɓo. Duk layin babu rumfar da ta faɗi sai tasa, har da tsofaffin da ya daɗe yana rainawa.

Mutane suka taru ana jajantawa. Saleh ya ɗauki guntun sanda ya murƙushe shi da hannu ɗaya, gari ya zubo ta tsakanin yatsunsa.

"Wa ya sara maka wannan? Ɗanya ce, 'yar shekara ɗaya. Cikinta zaƙi ne, shi ƙwaro ke bi."

Halliru ya sunkuya ya ɗauki wani guntun yana juyawa.

Saleh ya ci gaba, "Wadda tsohon nan ya kawo maka fa, ta kai shekara huɗu a tsaye. Shi ya sa ta yi tabo. An sare ta da rani, an jiƙa ta a rafi wata guda zaƙin ya fita, sannan aka bi ta da hayaƙi. Irin wannan sai ta yi shekara goma ba ta motsa ba."

"Amma ai kai ka fara yi mata dariya!"

"Ni wasa nake, wallahi. Na ɗauka ka sani. Shi tsohon da ya so ya faɗa maka, ka tsaya ka ji?"

Kunyar da ta kama Halliru a wurin ba ta faɗuwa. Ba naman ba ne ya dame shi, ba kuma rumfar ba. Abin da yake ta gani shi ne dattijo sa'an ubansa a cikin kwata, wando a naɗe, yana tsamo kyautar da aka watsa masa a fuska.

Kwana uku bai fita ba. Abinci ma sai dai ya taɓa ya ture. A na huɗu Kausar ta zauna kusa da shi.

"Baban Raihana, zaman nan ba zai goge abin da ka faɗa ba. Tashi ka je."

"Da wane ido zan kalle shi?"

"Da wanda ka kalle shi ranar."

Ya tashi ya tafi. Daga inda ake barin titi zuwa gidan, ciyawar damina ta haɗe har ta kai gwiwa, sai da ya sauka ya tura babur. Maganar mahaifinsa ta faɗo masa.

Ya bi ta gefen kurmin ya ga aikinsa. Kututturan da ya bari suna nan tsaye daidai ƙugu, ruwa ya taru a cikinsu sun ruɓe. Inda ya yi saran, sabon tsiro bai fito ba sai 'yan sirara. Ashe ƙananan da ya kwashe su ne ke ciyar da gindin.

Ya yi sallama. Mama Pauline ce ta fito daga ɗaki da kwano cike da ruwa ta watsar. Ta tsaya ta dube shi.

"A'a, Halliru ne? Ashe ba ka manta hanya ba. Shigo."

Ta ƙofar ɗakin ya hango tukwane da robobi jere a ƙasa, har a kan gado. Ya ɗaga kai ya ga jinkan ya lotsa a tsakiya, ana hangen sama ta wurare uku.

Baba Jules ya fito daga bayan gida da fartanya a kafaɗa. Halliru ya zube a gabansa.

"Baba, na zo ne..."

"Na ji labari. Ba wanda ya ji ciwo?"

"Babu."

"To mun gode wa Allah. Tashi, zo ka ɗauki kayanka."

Halliru bai gane ba. Ya bi shi zuwa bayan rumbu. Can a kan duwatsu, an ɗaga su daga ƙasa, an lulluɓe da tsohuwar zana, ga sandunan nan baƙaƙe a jere, an wanke musu ƙazantar kwata. Ko ɗaya ba ta ɓata ba.

Mama Pauline ta biyo su. Ita ba ta iya haɗiye magana irin mijinta ba.

"Ka san na mene ne waɗannan? Na jinkan ɗakinmu ne. Shekara huɗu yana jiran su nuna. Ya gama gyara su ke nan ka zo. Ya ce mini, Pauline, ɗan abokina zai buɗe wurinsa, mu haƙura da yoyo shekara ɗaya."

"Pauline, ya isa," in ji Baba Jules.

"Bai isa ba. Da ka dawo da su na ce to a rufa ɗaki, tunda ba ya so. Ka ƙi."

Halliru ya dubi dattijon, idonsa ya cika. "Baba, don me? Ruwa na zuba a kanku, ga gora a ajiye?"

Baba Jules ya ce, "Ai ba tawa ba ce. Na riga na ba ka. Na san dai wata rana za ka zo nema."

Nan Halliru ya tsuguna ya rufe fuska, ƙato da shi, mai kayar da bijimi, yana kuka kafaɗa na rawa. Ya ce a yafe masa maganar kasuwa, a yafe masa ɓarnar kurmi, a yafe masa naman Sallah. Baba Jules ya bar shi sai da ya yi mai isarsa, sannan ya zaro sanda ɗaya ya miƙa masa tare da adda.

"Yanzu buga ka ji."

Halliru ya juya bayan addar ya buga. Ta yi ƙara ƙwal, tsaf, kamar ƙarfe. Ya sake bugawa.

Ya goge fuskarsa ya ce, "Baba, ka ce tawa ce?"

"Taka ce."

"To na ba Mama. Ni ma ba a mayar mini da kyauta."

Mama Pauline ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Baba Jules ya buɗe baki zai yi musu, Halliru ya riga ya cire riga ya jingina tsani.

Kwana biyu suka yi suna aikin, Allah ya sa ruwa ya ɗaga musu. Dattijo na ƙasa yana nuna inda za a ɗaure, mahauci na sama yana cewa to. Bai yi gardama ko sau ɗaya ba.

Sauran daminar a ƙarƙashin tsohon tamfol Halliru ya sayar da nama, a daidai inda rumfar da ake waiwayowa a kalla take a da. Duk wanda ya tambaye shi ina rumfa, ba ya ɓoyewa. Sai ya ce, "Tana kan ɗakin Babana."

Darasi: Kada ka auna kyauta da ƙyallinta, kuma kada dariyar mutane ta sa ka wulaƙanta wanda ya ɗauko maka mafi kyawun abin da yake da shi. Idan babba ya ce ka tsaya ka ji, tsaya ka ji kafin bakinka ya yi maka ɓarna. In kuwa ka riga ka yi, kada kunya ta hana ka komawa tun mutumin yana raye. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai hanyar da ciyawa ta fara rufewa.